Majinginin goge ƙugun dutsen zobe, wa ya taɓa haɗa irinsa?

Dan_Magama:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina neman shawarar masu gyaran dutsen zobe, musamman mai doron nan da ake ce wa kabashon. Wata na biyar kenan da fara koyo a nan Bauchi, injina haɗin gida ne, faifan daimon biyu inci 6, mai lamba 80 (mai kaushi) da mai 220 (ya fi laushi) a kan shaf ɗaya, ruwa na ɗigowa daga jarka ta sama. Doron ba ya ba ni wahala sosai yanzu, matsalata ƙugun dutsen ne wato gefen nan da bakin azurfa ke kamawa. In na riƙe da hannu sai gefe ɗaya ya kwanta sosai ɗayan ya miƙe kamar bango, in na ce bari in gyara sai dutsen ya ragu, mai milimita 18 da 13 ya koma 17 da wani abu. Satin da ya wuce maƙerin da nake kai wa ya dawo min da uku cikin bakwai, ya ce ɗaya na rawa a gidansa na azurfa, biyu kuma bakin ya ƙi kwanciya a kansu. Na ga a bidiyo ana ɗora dutsen a kan wani ɗan teburi, wato majingini, gaban faifai a riƙa juya shi kawai gefen ya fito bai ɗaya. Akwai wanda ya taɓa haɗa irinsa a nan? Kuma karkatar nawa ake ba shi?

Abu_Hanifa_Gombe:
Wa alaikumus salam. Tsakanin digiri 10 zuwa 15 ake ba ƙugu, gindi ya fi sama faɗi. Ni 12 nake yi. Majinginina na katako ne kafinta ya yanka min, shekara biyu kenan yana aiki.

Baba_Wunti:
Yaro wata biyar ai ba ka fara ba tukuna. Ni da na koya a Jos babu wani teburi, gwiwar hannunka ka kafa a bakin kwanon ruwa, ka haɗe hannu biyu, dutsen ne zai juya ba wuyan hannunka ba. Sai da na ɓata fararen duwatsu sun kai cikin kwano kafin maigidana ya yarda ya ba ni mai daraja in taɓa. In ka saba da majingini tun yanzu ranar da aka kawo maka dutse mai wata siffa daban ba za ka iya komai ba. Ka yi haƙuri da hannunka zai zauna.

Dan_Magama:
Allah ya ƙara girma Baba, na ji kuma ba na musu. Amma duwatsun nan da kuɗina nake saye, amatis ne, dutsen nan mai ruwan shunayya, na wajen mutanenmu masu haƙa, kowane ɗaya na ɓata asara ce a kaina, ga maƙeri ya fara gajiya da ni.

Makerin_Fari_Jahun:
Bari mu da ake kawo wa mu sa baki tunda a hannunmu abin ke ƙarewa. Mu babu ruwanmu da hannu aka yi ko teburi, abin da muke so gefen ya zama ɗaya ko'ina. Gidan dutse ɗan siririn azurfa ne muke naɗewa daidai da gindin dutsen mu like shi a kan faranti, in dutse ya zauna sai mu bi bakin muna danne shi a hankali yana kwanciya a jikin ƙugu. To in ƙugun a tsaye yake kamar bango babu abin da bakin zai kama, shi ya sa kuke ganin zoben kasuwa an cika shi da sufa gulu, mutum na alwala dutsen ya faɗa rariya. In kuma kwanciyar ta yi yawa sai bakin ya yi nisa kafin ya tarar da dutse, azurfar ta tattare ta yi ƙwanƙwasa kamar bakin buhu, komai gugar da ka yi sai an gani. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wanda gefe ɗaya 5 ɗaya 20, nan kam bakin zoben zai fito a karkace kuma mai zobe ni zai zaga ba mai dutse ba.

Sannan dan Allah ku riƙa kashe kaifin gindi. Ɗan gugan nan siriri da ake bi da shi zagaye a ƙasa a kwana 45, bai kai rabin milimita ba ma ya isa. A cikin lungun gidan akwai ragowar abin liki da ke taruwa, in gindin na da kaifi sai ya hau kansa dutsen ya riƙa rawa, ka danna ya ɓantare.

Ummu_Sultan_Pantami:
Wlh Malam maƙeri ka faɗi abin da ke raina. Ni 'yan kunne da sarƙa nake haɗawa ina sayarwa, biyu-biyu nake buƙata iri ɗaya. Sau nawa ake kawo min biyu tsawo da faɗi duk ɗaya amma da an sa a gida sai ɗaya ya fi ɗaya fitowa, mace ta ɗaga ta duba ta ajiye. Ni dai duk wanda ke da majinginin nan shi zan riƙa ba aiki.

Injiniya_Railway:
@Dan_Magama kafin maganar teburi, motar injin naka gudun nawa take yi? In giranda ce ta masu walda ka cire duwatsunta ka sa faifai to tana yin wajen 2850 a minti, ya yi yawa, ga ruwa kusa da wuta. Mota mai 1400 zuwa 1450 ake so, a ajiye ta a baya da bel da fuli yadda ruwa ba zai taɓa ta ba.

Dan_Magama:
Mai 1420 ce oga, rubuce a jikinta. Bel ne ke ja, boris biyu ne suka riƙe shaf.

Injiniya_Railway:
To madalla. Ka je wajen masu tagar alminiyon ka samu guntun falle mai kauri, ko farantin roba irin na yanka albasa, shi ba ya kumbura da ruwa kamar katako. Tsakanin bakin teburi da faifai kar ya wuce milimita 2 ko 3, in ya fi haka ƙaramin dutse zai shige ya maƙale, ko ya fashe ko ya ja maka yatsa. Kuma a ɗaure shi da noti sosai kar ya motsa.

Malam_TD:
Salam. Ni malamin zanen fasaha ne ba mai dutse ba amma ƙanina na yi, ni na lissafa masa nasa. Abin da mutane ba sa lura da shi, faifan da'ira ne, a daidai tsayin shaf ne kaɗai fuskarsa ke tsaye cak. Da ka sauka ƙasa ko ka hau sama fuskar ta karkata da kanta. Kenan ko teburin a shimfiɗe yake ba karkata, tsayin da ka ajiye shi ne zai ba ka kwanar. A faifai inci 6 daga tsakiya zuwa baki milimita 76 ne. In tsakiyar kaurin dutsen ya kauce wa tsayin shaf da milimita 13 ka samu digiri 10, da 16 ka samu 12, da 20 ka samu 15. A faifai inci 8 kuwa 18 ne da 21 da 26. Ku lura na ce tsakiyar kaurin dutsen ba saman teburi ba.

Dan_Kumo:
Malam wannan lissafi kam sai ku. Mu dai ido muke sawa.

Baba_Wunti:
Idon ma shi ne ma'auni na gaskiya. Ka ajiye dutse a kan madubi ka sunkuya ka juya shi a hankali, duk inda ya kauce za ka gani.

Sister_Yelwa:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga maganar. Ina aiki a ɓangaren masu ciwon ƙirji, duk lokacin da na ga ana zancen gugar dutse hankalina ba ya kwanciya. Amatis da akik da farin dutsen nan duk silika ne, ƙurarsu in ta shiga huhu ba ta fita, tana taruwa shekara da shekaru huhun ya ƙandare, babu maganin da ke warkar da shi, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin TB. Kar wanda ya goga a bushe ko na minti ɗaya ne wai don ruwan jarka ya ƙare. Har laka-lakan da ke taruwa a kwano in ta bushe ƙura ce, a kwashe ta tun tana jiƙe, kar a share shago da tsintsiya a bushe. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare a bushe a cikin gidaje, can dalma ce ba silika ba amma duk ƙurar dutse ce ta shiga inda ake kwana ake cin abinci. Wanda ke aiki a zauren gida dan Allah ya hana yara zama wurin.

Dan_Magama:
Na gode Anti, a shago nake ba a gida ba, amma gaskiya lakar nan ina barinta ta bushe kafin in kankare. Daga yau na daina.

Abu_Hanifa_Gombe:
Allah ya saka da alheri Sister. Ni har da feshin ruwan ma ina sa takunkumi.

Dan_Magama:
Jama'a na dawo. Jiya mai walda ya haɗa min ƙafa da angil ayon na ɗora farantin roba, na saukar da shi milimita 16 ƙasa da shaf kamar yadda Malam ya ce. Gefen ya fito sumul bai ɗaya wlh ban taɓa yin irinsa ba, amma a juye. Gindin ne ya tsuke saman ya buɗe kamar kofin shayi. Guda biyu na yi kafin in ankara. Ina na yi kuskure?

Malam_TD:
Wanne gefen ka sa a sama?

Dan_Magama:
Gindin, don a nan na zana layin siffar dutsen da ƙusar alminiyon, in na kife shi ba zan ga layin ba.

Malam_TD:
To laifina ne da ban ƙarasa bayani ba, ka yafe ni. A ƙasan shaf cikin faifan ya fi turowa ta sama, saboda haka duk gefen da ke kallon sama shi zai fi ciwuwa. In teburi na ƙasa to fuskar dutse ce za ta kalli sama gindi ya kwanta a teburi. In kuma kana so gindi mai layi ya kalle ka sai teburin ya koma sama har tsakiyar kaurin dutsen ta haura shaf da wannan 16 ɗin, a nan na ƙasa ne ke ciwuwa.

Baba_Wunti:
A'a Malam a nan kam ban yarda ba. Sama da tsakiyar faifai ba wurin wasa ba ne, faifan na juyowa wajenka, in ya fizgi dutse a ƙirjinka ko fuskarka zai jefo shi. Tun muna yara aka hana mu. Na ga wanda akik ya fasa wa leɓe.

Injiniya_Railway:
Baba gaskiyarka in da hannu ne zalla. Amma da teburi ƙarfin faifan ƙasa yake danna dutsen, kuma milimita 16 ba nisa ba ne. Ni ƙasan ma ya fi ba ni tsoro da teburi don a can faifan cusa dutsen yake yi tsakaninsa da teburin kamar ana buga weji. Ko ta ina dai a sa tabarau.

Abu_Hanifa_Gombe:
Shi ya sa ni ban bi ta sama ko ƙasa ba. Nawa a daidai tsayin shaf yake amma teburin ne a karkace. Ka ce wa kafinta ya yanka maka katako mai gangare, tsawonsa santimita 10, baki ɗaya ya fi ɗayan tudu da santimita 2 da ɗigo 1, wannan shi ne digiri 12 ba sai ka nemi ma'aunin kwana ba. Bakin mai tudun shi ke kallon faifai, mai kwarin yana wajenka. Sai ka kife dutsen, fuska a ƙasa gindi mai layi a sama kana ganinsa, ka tura a hankali kana juyawa har ka iso layi, kar ka cinye layin ka bar shi ana gani. Wani amfanin kifewar, tsakuwar da ke zubowa kan teburi tana ƙarce duk abin da ke gogarta, to fuskar ce ke shan ƙarcen kuma ita dama za a cinye ta wajen yin doro, gindinka na nan lafiya. Illarsa ɗaya ruwa gangarowa yake wajenka, rigata kullum a jiƙe har sai da na buga ɗan siririn katako a bakin ya riƙa kautar da shi gefe. Na shafe katakon da gam ɗin aradaid gaba ɗaya don kar ya sha ruwa.

Dan_Kumo:
Me zai hana kawai a zana layin a fuska a huta, ai har ma ka fi ganin inda kyan dutsen yake ka zaɓa.

Abu_Hanifa_Gombe:
In ka zana a fuska layin naka yana gefen da ya tsuke kenan, gindi zai fi ma'auni girma. Kauri milimita 6 a digiri 12 kowane gefe na shiga da wajen 1.3, ka ga mai 18 gindinsa ya haura 20, ba zai shiga gidan 18 ba. Sai dai in maƙeri zai ƙera gidan a jikin dutsen.

Makerin_Fari_Jahun:
Ni a jikin dutse nake ƙerawa, ko wane girma ne kawo. Amma masu sayen gidan da aka riga aka zuba, irin wanda ake kawowa daga waje, dole sai ma'auni, 10 da 8, 14 da 10, 18 da 13, 25 da 18, ko rabin milimita ya ƙaru ba ya shiga. @Dan_Magama biyun nan da suka fito a juye kar ka yar, in babu tsaga a ɗaya fuskar ka juya su kawai, abin da ka ɗauka sama ya zama gindi.

Dan_Magama:
Kai Allah ya biya ka Baba maƙeri, ban yi wannan tunanin ba sam. Ɗaya zai yiwu, ɗayan akwai farin gajimare a wancan gefen shi ya sa na so ya zama ƙasa.

Mai_Tsakiya:
Ina ta karantawa ina jin daɗi. Kakata 'yar kasuwar tsakiya ce da murjani, tun ina yaro nake jin labarin dutsen nan. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, a Ilori an daɗe ana goge jan dutsen lantana da hannu a kan falalen dutse ana huda shi, kuma fatake Hausawa na cikin masu kai musu ɗanyen. Game da gardamar Baba da samari kuwa, a Jamus akwai wani gari Idar-Oberstein da ya yi suna a gyaran akik, masu gugar can a da rub da ciki suke kwanciya a kan wani benci su tokare ƙafa a baya su danna dutsen a jikin ƙaton dutsen niƙa da ruwan rafi ke juyawa. Da nasu akik ɗin ya yi ƙaranci daga Barazil suka koma kawowa, kuma da yawan abin da suka gyara Afirka aka kawo shi har wuyan Buzaye. Abin da nake nufi ko su da suka gaji abin kaka da kakanni sai da suka nemi abin da za su tokare jiki da shi.

Baba_Wunti:
Jiki suka tokare Alhaji, ba dutsen suka ɗora a faranti ba. Ni ma ai na ce ya kafa gwiwar hannu.

Mai_Tsakiya:
Haka ne Baba, wannan kam ka fi ni gaskiya.

Yaron_Oga_Tashan_Dukku:
Tambaya dan Allah, ni ba ni da kuɗin faifan daimon, dutsen giranda na kasuwa zai yi?

Injiniya_Railway:
Mai ruwan tokan nan na wasa ƙarfe ne, ba zai yi maka aiki mai kyau ba, koren ake nema, shi ne silikon kabaid, yana cin akik da amatis don su taurinsu 7 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs. Amma ga abu biyu. Koren dutse yana cinyewa, in ka tsaya wuri ɗaya zai yi kwarmi, kuma majingini na jawo wannan sosai don mutum ya samu wurin da ya ji daɗi sai ya manne a nan, dole ka riƙa yawo da dutsen daga wannan baki zuwa wancan. Ko faifan daimon ma haka, tsakiya ta mutu gefe na nan sabo. Na biyu kar ka bar shi ruwa na ɗiga a kansa yana tsaye, gefe ɗaya zai sha ruwa ya yi nauyi, ka kunna ya kama girgiza har ya iya tarwatsewa. In ka gama ka rufe ruwa ka bar shi ya yi ta juyawa minti kaɗan ya tsane.

Malam_TD:
Ƙari a kan na Injiniya, in koren dutse ne lissafina na tsayi ba ya zama. Inci 8 in ya cinye ya koma 7, wannan milimita 21 da ke ba ka 12 zai koma ba ka kusan 14. Ga mai irin wannan dutsen hanyar Abu Hanifa ta fi, teburi mai gangare a tsayin shaf, sai dai ka riƙa matso da shi.

Dan_Kumo:
Wai ni shuɗin yakutun Mambila fa, ana yi masa doro?

Abu_Hanifa_Gombe:
Ana yi wa wanda bai da haske sosai, mai tsabtan yankan fuska-fuska ake masa. Amma taurinsa 9 ne, koren dutse zai ƙare kafin shi, sai daimon. Wanda zan ja kunnenku a kai tofaz ne da ake samu a yankin Jos da nan wajenku, taurinsa 8 amma yana da hanyar darewa guda ɗaya shimfiɗe, in ya bugu a bakin teburi ko ka danna shi da ƙarfi a mai 80 sai ya rabe biyu kamar an sa wuƙa. Shi a 220 nake fara masa ƙugu ko zai ɗau lokaci.

Dan_Magama:
Wannan ta mai 80 ɗin ta taɓa ni. Ko a amatis ina ganin ƙananan ɓantarewa a bakin gefen da faifai ke fita, kamar ɓera ya gutsura.

Abu_Hanifa_Gombe:
Ka tsaya da 80 tun saura kamar milimita 1 ka iso layi, ka ƙarasa da 220. Kuma ka lura a kife ɗin nan faifai na shiga ta gindi ya fita ta fuska, to ɓantarewar a fuska take faruwa inda doro zai cinye ta. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son kifewa.

Ummu_Sultan_Pantami:
Ni ƙanana nake so irin 8 da 6 na ɗan kunne, wanda ke min ya ce a teburin ba sa riƙuwa, farcensa duk ya cinye. Gaskiya ne ko dai ba ya so ne?

Abu_Hanifa_Gombe:
Gaskiya ya faɗa Hajiya. Ƙarami sai an manna masa sanda. A ɗumama dutsen a manna ɗan itace ko ƙusa mai faɗin kai a gindinsa da danƙon manna dutse, wasu sufa gulu suke sawa daga baya su jiƙa a asiton, ruwan da ke narkar da gulun, ya saki. Tunda gindi ne a sama sandar na tsaye kamar mariƙi, sai ya murza ta da yatsu dutsen na juyawa a kan teburi. Sai dai sandar ta fi dutsen siranta don ya ga layi.

Baba_Wunti:
To kun gani, an dawo kan sanda. In an manna sanda me ya rage, ai sai a ɗaga a yi da hannu. Kuma ku gaya wa yaron nan gaskiya, teburin ƙugu kaɗai yake yi. Doro fa? Daga ƙugu zuwa tsakiya hawa-hawa ake cinyewa ana murzawa ana lilo da hannu har tudu ya haɗu babu fili a kai, nan babu majinginin da zai taimake ka. Sannan abin da ya rage na ƙugun bayan doro bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin ba, kuma layinsa na sama hannu ne ke daidaita shi, in hannu bai zauna ba zai yi hawa da sauka ko da kwanar ta yi daidai. Maƙeri ya faɗa in ƙarya nake.

Makerin_Fari_Jahun:
Ba ƙarya Baba. Tsayin ƙugu in bai zama ɗaya ba bakin azurfa wani wuri ya rufe doro wani wuri ya gaza. Dabarar da na ga wani na yi, bayan ya gama ƙugu sai ya ajiye dutsen a kan gilashi ya kwantar da fensirin alminiyon a kan ɗan falle mai kaurin milimita 2, ya juya dutsen a jikin bakin fensirin, layi ya zagaye shi tsayi ɗaya. Doro ya sauko ya tsaya a layin. Duwatsunsa ban taɓa mayarwa ba.

Malam_TD:
Wannan ma ai majingini ne Baba, na fensir.

Baba_Wunti:
Wannan na yarda da shi, mu ma muna yi da tsinken tagulla.

Injiniya_Railway:
Injinan Amurka irin su Genie masu faifai shida, 80 da 220 na ƙarfe sai 280, 600, 1200, 3000 masu taushi, ana haɗa su da ɗan majinginin nan. Amma a masu taurin ake amfani da shi. A faifai mai taushi bakin dutse mai kaifi zai iya yage fatar in ka tura shi a kan teburi, kuma taushin na zagaye kwanar da ka sha wahala ka fitar. Masu samfefar ruwa a kan soso ku ma ku kula, ƙugun a taɓa shi kaɗan-kaɗan kawai.

Yaron_Oga_Tashan_Dukku:
Ana sheƙa ƙugun ma ko a bar shi tunda azurfa zai rufe?

Makerin_Fari_Jahun:
A kai shi ko 600 ne. In dutse mai haske ne kamar amatis a sheƙa shi duka har gindi, don ana hango ƙarcen ta ciki.

Dan_Magama:
Salam jama'a, ga yadda aka kwana. Na bi ta Yaya Abu Hanifa, kafinta a Muda Lawal ya yanka min gangaren na like farantin robar a kai na mayar tsayin shaf. Na yi guda biyar masu 18 da 13. Na auna da baniya, ma'aunin milimitan nan mai zamewa, gindi 18 saman kafin doro 15 da rabi a huɗu daga ciki, na biyar ɗin na danna da yawa a wajen tsinin ƙwan ya cinye layi, na lura a kan tsinin faifai ya fi saurin ci don wurin da ke taɓawa kaɗan ne. Na kashe kaifin gindi, na ja layin fensir yadda Baba maƙeri ya ce. Maƙerina ya karɓi huɗun bai ce komai ba sai cewa ya yi in kawo wasu. Amma Baba Wunti maganarka na nan, a biyu doron ya sauko ya ƙetare layi ta gefe ɗaya sai da na rage tsayin ƙugun duka don ya daidaita, dutsen ya ɗan yi faɗi-faɗi ba yadda na so ba.

Baba_Wunti:
Ka samo fararen duwatsun rafi ka yi ta yi da su kullum bayan la'asar, guda biyu da teburi guda biyu babu. In ka shigo Wunti ka zo da su in gani.

Dan_Magama:
In sha Allahu Baba ranar Asabar zan zo.

Ummu_Sultan_Pantami:
@Dan_Magama in ka gwada ƙananan da sanda ka sanar da ni, ina son shuɗi-shuɗin nan mai ruwan bula guda shida.

Dan_Kumo:
Ni fa har yanzu ban gane ba, wani ya kawo min akik yana so a yi masa siffar zuciya, lungun nan na sama ta yaya zai shiga teburi?

Abu_Hanifa_Gombe:
Ba zai shiga ba, a kaifin bakin faifai ake cin wannan lungun kuma da hannu. Sauran zagayen ka yi a teburi ka bar lungun ƙarshe. Faifanka inci nawa ne, kuma bakinsa akwai daimon ko fuskar ce kawai?